Gilashin da ake maƙala wa waya, da baƙin ƙwaron da ya addabi kicin ɗina

Wata uku ke nan da na sayi ɗan gilashin nan da ake maƙala wa kyamarar waya don ta ɗauki ƙananan abubuwa su fito ɓaro-ɓaro. Tun da na fara tura wa 'yan'uwa hotunan da na ɗauka da shi ake ta tambayata: nawa ne, a ina ake samu, yana aiki kuwa ko irin kayan nan ne na kwana biyu? Shi ya sa na zauna in rubuta komai wuri guda. Sai dai dole in fara da abin da ya kai ni kasuwa nemansa, domin ba sha'awar hoto ba ce. Wani ƙwaro ne ya hana ni sukuni.

A Tudun Wada muke, gidan haya mai ɗaki biyu da falo, bango ɗaya ne tsakanin kicin da banɗaki. Cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, na fara ganin wani baƙin ƙwaro a bangon kicin da jikin ragar taga. Girmansa bai wuce na ƙuda ba, amma ƙafafunsa na baya dogaye ne kamar na gyare, kuma ya fi son tafiya da tashi. Ya ɗan ruga, ya tsaya cak, ya sake rugawa. A bayansa akwai wani ɗan mitsitsin abu da yake ɗagawa yana saukewa ba hutu. Babbar 'yata ce ta fara lura da wannan, ta ce, "Umma, dubi, jela yake kaɗawa." Ranar farko ɗaya na gani, na sa takalmi na murƙushe shi. Bayan kwana biyu sai ga biyu. Kafin sati ya zagayo babu safiyar da ba na tarar da uku ko huɗu a taga.

Kowa da sunan da ya ba shi. Maigida ya ce ɗan zanzaro ne. Maƙwabciyata ta ce gizo-gizo ne mai fiffike. Surukata, da ta zo mana kwana biyu a lokacin, ta dube shi ta ce, "Ɗan rina ne wannan. Inda kika ga ƙarami, uwar tana kusa. Ku kira mai feshi tun bai harbi yaron nan ba."

Yaron da take nufi autana ne, shekararsa 4, kuma yana da ciwon asma. Ko turaren wuta mai ƙarfi ba ma sawa a ɗakin da yake kwana, maganin sauro na hayaƙi kuwa tun bara muka daina, gidan sauro kawai muke ɗaurawa. Duk uwar da ta taɓa kwana zaune tana sauraren ƙirjin ɗanta yana kuka ta san abin da nake nufi. Sai na shiga tsaka mai wuya: in bar ƙwaron da ake cewa yana harbi, ko in cika gida da warin da na san zai tayar masa da ciwo. Duk da haka muka kira wani mai feshi. Daga bakin ƙofa ya tsaya, na nuna masa ƙwaron na ce, "Malam, mene ne sunan wannan?" Ko matsowa bai yi ba, ya ce, "Hajiya, ƙwaro ƙwaro ne. Maganina ba ya barin komai." Ya faɗi kuɗinsa, ya ce mu kwashe kwanuka mu bar gidan wuni guda. Raina bai kwanta ba. Na ce masa za mu neme shi.

A daren na ɗauki hoton ƙwaron da wayata na tura wa ƙanena da ke karatun aikin gona a Zariya. Ya ce, "Yaya, wannan ai ɗigon tawada kika turo mini." Gaskiyarsa ce. Idan na matsa kusa hoton ya dushe, idan na ja baya na jawo shi da yatsa sai ya farfashe. Na gwada wata manhajar gane hoto da ke cikin wayar, sau ɗaya ta ce ƙuda ne, sau ɗaya ta ce tururuwa. Shi ne ƙanen nawa ya ce in nemi gilashin da ake maƙalawa, in sake ɗauka.

A Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na samo shi, wajen masu kayan waya, bayan na shiga shago uku ba su da shi. Ba shi da sunan kamfani, a ɗan kwali yake da jakar ƙyalle a ciki. An ce naira 6,000, muka daidaita a 4,000. A jikin kwalin an nuna gilashi iri uku da maƙali guda mai kama da abin matse shanya: ɗaya mai mayar da hoto ƙwallo, ɗaya mai faɗaɗa hoto ya ɗauki ɗaki gaba ɗaya, sai na ukun mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wanda shi na je nema. Da na dawo gida na buɗe, biyu na gani. Kwana biyu ina jin haushi, na ɗauka an zare ɗaya. Ashe mai faɗaɗawa da mai ƙara girma a ɗaure suke zuwa, ɗaya a kan ɗaya, sai an murɗa an kwance na saman kafin na ƙasan ya yi aikinsa. 'Yata ce ta gano tana wasa da shi. Babu wata takarda a kwalin da ta yi wannan bayani, mai shagon ma bai faɗa mini ba. Duk wanda zai saya ya riƙe wannan, domin na tabbata akwai waɗanda suka jefar da nasu a kan haka.

Amfani da shi yana son haƙuri. Sai ka cire rigar wayar, in ba haka ba maƙalin ba zai zauna daidai ba. Wayata idon kyamara uku gare ta a baya, sai da na riƙa toshe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya kafin na gane wanne ne babban, a kansa ake ɗorawa. Idan ya ɗan goce, gefen hoton zai yi baƙi. Sannan sai ka kai wayar dab da abin, tazarar ba ta wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. A wannan kusanci inuwar wayar kanta tana rufe abin da kake ɗauka, fitilar wayar kuma ba ta taimakawa don maƙalin yana tare ta. Hasken rana na gefen taga shi ne maganin wannan. Abu mafi wuya shi ne wurin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai. Idan ido ya fito, ƙafa ta dushe. Idan numfashi ya motsa hannunka, komai ya tafi. Na koyi dafa gwiwar hannu a kan tebur in riƙe numfashi kafin in danna.

Ƙwaro mai rai kuma ba ya jiran mai hoto. Dabarar da ƙanena ya koya mini ita ce in kifa masa kofin gilashi a bango, in zura kwali ta ƙasa, in juye shi cikin kwalba mai murfi, in sa a firji na 'yan mintoci. Ba wajen ƙanƙara ba, wajen sanyi kawai. Sanyi yana kashe masa jiki ba tare da ya mutu ba. Ranar babu wuta, sai na sayo ƙanƙara na sa a kula na ajiye kwalbar a kai. Na shimfiɗa farar takarda kusa da taga, na ajiye rular makarantar 'yata a gefe don a ga tsawonsa, na juye shi. Minti biyu zuwa uku ya ba ni kafin ya farfaɗo ya fara tafiya. Hoto kusan 30 na ɗauka, huɗu suka yi kyau.

Waɗannan huɗun kuwa har yau ina komawa in kalle su. Abin da nake gani baƙi wuluk a bango, ashe idanunsa shuɗi ne, shuɗi mai sheƙi kamar sabon rini. Ƙafafu shida ne, ke nan maganar gizo-gizo ta faɗi, don shi takwas gare shi. A kansa akwai zare biyu dogaye masu gaɓa-gaɓa. Abin da muke kira jela kuma ashe shi ne cikinsa gaba ɗaya: ɗan ƙarami, a shafe ta gefe da gefe kamar bakin gatari, yana rataye a wani siririn wuya da ya fito daga can saman bayansa, ba daga ƙasa ba kamar na zanzaron da muka sani mai gina ɗakin laka. Har ƙananan ramuka-ramuka na jikin ƙirjinsa sun fito, kamar an sassaƙa da allura. Na daɗe ina kallo ina cewa Subhanallah. Wannan halitta na yi sati biyu ina murƙushewa da takalmi.

Na ɗora hotunan a iNaturalist, manhaja ce kyauta da ake saka hoton tsiro ko dabba ko ƙwaro don a gane shi. A 2008 ta faro, aikin wasu ɗalibai ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Kwamfuta ce ke fara ba da shawarar suna, daga nan mutane na gaske, masana da masu sha'awa daga ƙasashe daban-daban, su duba su amince ko su gyara. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka duba sun haɗu a kan suna ɗaya, sai a ɗauki hoton a matsayin wanda ya isa a yi bincike da shi. Ana iya ɓoye ainihin wurin da aka ɗauki hoto, ni ma haka na yi tunda gidana ne. Kafin magariba washegari mutum biyu sun sa masa suna ɗaya, wanda kuma ya yi daidai da na ƙanena: Evania appendigaster.

Dangin zanzaro ne, maigida ya fi kowa kusa da gaskiya. Sunan da Turawa ke kiransa yana nufin zanzaro mai tuta, saboda cikin nan da yake kaɗawa. Tun 1758 masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta shi a littafi, kuma yau ana samunsa kusan ko'ina a ƙasashe masu zafi. Ba ya harbin mutum, ba ya cizo, ba ya gina sheƙa, ba ya cin abincinmu. Babba ruwan fure yake sha, kuma sati biyu zuwa uku ne rayuwarsa. Abin da ke kawo shi cikin gida abu ɗaya ne: ƙwan kyankyaso.

Babban kyankyason nan ja mai tashi, wanda ke fitowa daga masai da kwata, ba ya zuba ƙwai a warwatse. Macen tana haɗa su cikin wani kwanso mai tauri, ƙwai wajen 16 a jere layi biyu, ta liƙa shi a lungu mai duhu da ɗumi. Macen zanzaron nan ita kuma aikinta ke nan, yawo a bango da lunguna tana neman wannan kwanso. Idan ta samu sai ta kwanta ta gefe, ta dafe shi da ƙafafu, ta huda shi da tsinken da take saka ƙwai da shi. Hudawar kan ɗauke ta minti 15 zuwa 30 saboda taurinsa. Ƙwai ɗaya tak take sakawa. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ta cinye ƙwan kyankyason kaf, ta girma a ciki, in ta zama babba ta huda gefe ta fito. Ke nan duk ɗaya da na gani a taga, kwanso guda ne na kyankyaso da bai ƙyanƙyashe ba.

Na ji sanyi a raina, amma ƙanena bai bar ni na daɗe ina murna ba. Ya ce, "Yaya, kin ce kullum kina ganin uku ko huɗu? To ba daga waje suke zuwa ba. Ki janye kabad ɗin kicin ki duba bayansa."

Ni mace ce mai share kicin sau biyu a rana, kuma kyankyaso ɗaya ko biyu kawai nake gani in na kunna fitila da dare, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Ranar Asabar muka janye kabad ɗin ni da maigida. A jikin katakon baya, da cikin tsagar da bututun ruwa ya ratsa bango zuwa banɗaki, ga su nan a liƙe, kamar ƙwayar wake mai duhun ja, kowanne bai kai tsawon farcen ƙaramin yatsa ba. Na ƙirga 23. A nan gilashin ya sake yi mini aiki, kuma wannan karon cikin sauƙi tunda kwanso ba ya gudu. Kowanne yana da tudu a sama mai haƙora-haƙora kamar zif. Wasu sun buɗe ta wannan tudu, waɗannan 'ya'yan kyankyaso ne suka fita lafiya. Wasu tudun yana rufe, amma akwai rami zagayayye a gefe kamar an sa ƙusa, waɗannan zanzaron ne ya ci. Tara na samu masu rami. Sauran kuwa a rufe suke ruf, ba a san me ke ciki ba, muka kankare su muka zuba a wuta.

Kada wani ya fahimce ni da cewa zanzaron nan zai raba gida da kyankyaso. Ba zai iya ba, ga shaida a bayan kabad ɗina. Yana rage su ne kawai, yana kuma tona asirinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashin kyankyaso da saɓar jikinsa suna cikin abubuwan da aka sani suna tayar da asma, musamman ga yara. Ina can ina tsoron ƙwaron da ba ruwansa da ɗana, ga abin da ke cutar da shi a ɓoye taku uku daga inda yake cin abinci. Da an yi feshin nan da zanzaron zai fara mutuwa, tunda shi ke yawo a fili, ƙwan da ke cikin kwanso kuwa taurin kwanson yana kare shi daga yawancin maganin feshi, bayan 'yan makonni ya ƙyanƙyashe a koma gidan jiya.

Abin da muka yi ba wani abin mamaki ba ne. Maigida ya kwaɓa siminti ya toshe tsagar bututun. Muka sa murfi a ramin ruwan banɗaki, muka yi wa mai gidan magana a kan murfin masai da ya tsage a tsakar gida, Allah ya saka masa ya gyara. Na daina barin kwanukan dare sai safe, na mayar da gari da sukari cikin robobi masu murfi. Muka sayi maganin kyankyaso irin na ɗigawa a lungu, mara wari, muka sa a bayan kabad da ƙarƙashin wurin wanke-wanke inda hannun yaro ba ya kaiwa. Cikin wata guda kyankyason dare ya ragu ƙwarai, zanzaron ma ya ragu tare da shi.

Karo na gaba da na nemi taimakon gilashin shi ne ya nuna mini iyakarsa. Ina yin alale da ƙosai na sayarwa da safe, don haka ba na rasa wake a sito. A watan Oktoba na buɗe ragowar buhun bara sai ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari suna tashi tare da ƙwaron waken da na sani. Ba su kai rabin ƙwayar shinkafa ba, baƙaƙe masu ɗan sheƙi. Na bi duk matakan da na bi a baya. Hoton ya nuna fiffike huɗu, da siririn ƙugu, da zaren kai mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, amma daga nan bai ƙara ba. A iNaturalist an iya kai shi ga babban danginsa ne kawai, wani ya rubuta cewa irin waɗannan sai da madubin ɗakin bincike ake rarrabe su. Wannan ba laifin kowa ba ne, ƙarfin gilashin naira 4,000 ne ya ƙare. Abin da aka tabbatar mini ya ishe ni: dangin ƙananan zanzaro ne masu cin tsutsar wasu ƙwari. Wanda aka fi sani a rumbunan wake na Afirka ta Yamma sunansa Dinarmus basalis. Macen tana hawa ƙwayar wake, ta gano inda tsutsar ƙwaron take a ciki, ta huda ta saka mata ƙwai a jiki. Ganinsu a buhu yana nufin waken ya riga ya kamu sosai.

Inda gilashin ya fi burge ni a harkar wake shi ne wajen ganin ƙwan ƙwaron waken kansa. A liƙe yake a bayan ƙwaya, ɗan fari kamar ɗigon kakin kyandir, tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda kai tsaye zuwa ciki ba tare da ta fito fili ba. A lokacin zafi, sati uku zuwa huɗu ya isa ta zama babba ta huda ta fito. Wake zai iya yi maka kyau a ido, babu rami ko ɗaya, alhali yana ɗauke da su. Yanzu idan zan sayi buhu nakan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga tsakiya in duba. Sabon waken bana kuwa a buhun PICS na zuba shi, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue a Amurka suka ƙirƙiro. Ana ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba a sa magani ko kaɗan. Na fi natsuwa da wannan, domin mun san abin da wasu ke zuba wa wake. Sinadarin dichlorvos, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalba kuma shi ake haɗa fiya-fiya da shi, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya a 2015. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna. Ni da nake ciyar da 'ya'yan mutane kowace safiya ba zan yi wasa da wannan ba.

Ƙanena ya ba ni labarin da ya ƙara mini ganin girman waɗannan ƙananan halittu. A Nijar da Burkina Faso da Mali ana kiwon wani ɗan zanzaro mai suna Habrobracon hebetor da gangan. Ana sa shi a ƙananan buhunan algarara tare da ɗan gero da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataya a ƙauyuka, 'ya'yan su fito su bazu cikin gonaki suna kashe tsutsar da ke cinye zangarniyar gero. Amma ya ja mini kunne da cewa ba duk ƙaramin zanzaro ne ba ya harbi ba. Akwai wani dangi mai kama da tururuwa, matan galibi ba su da fiffike, suna bin ƙwarin da ke cin katako a kujeru da gadaje, waɗannan suna harbin mutum har wurin ya yi ƙaiƙayi da kumburi. Don haka ban ce kowa ya ga ƙwaro ya sa hannu ya ɗauka ba. Kofi da kwali sun isa.

In koma kan kayan kansa. Bayan wata uku, ƙarfen da ke matse maƙalin ya fara saki, yanzu sai na tallafa shi da yatsa. Robar da ke hana shi goge fuskar waya ta ɓalle a sati na biyu, na mayar da ita da gam. Murafen gilasan ƙanana ne kuma ba sa kamawa sosai, ɗaya ya riga ya ɓata. Tsakiyar hoto ce kawai ke fitowa tas, gefe-gefe a dushe yake, don haka dole a sa abin a tsakiya. Da hunturu ya fara shigowa ƙura tana kwanciya a kansa nan da nan, kuma kowace ƙwayar ƙura tana fitowa a hoto, sai an goge da ƙyalle mai laushi kafin kowane ɗauka. Gilashin da ke mayar da hoto ƙwallo da mai faɗaɗawa ba su yi mini amfanin komai ba, yara ne suka yi wasa da su kwana biyu. Da ana sayar da mai ƙara girman shi kaɗai da maƙali mai ƙwari, da na fi son haka ko da kuɗin ɗaya ne. Wanda wayarsa ta riga ta zo da kyamarar ɗaukar abu na kusa ya fara gwada tata tukuna, mai yiwuwa ba ya buƙatar ƙari.

Idan za ka saya, kada ka bar shagon sai ka gwada a wayarka. Kwance na saman, ɗora na ƙasan, ka ɗauki zanen babban yatsanka ko ƙananan rubutun jikin takardar naira. Idan layukan sun fito tas a tsakiya, ka biya. Idan suna da inuwa mai launi ko sun ƙi fitowa duk yadda ka matsa, a canza maka wani, domin a kwali ɗaya ma ba duka ke zuwa daidai ba. Ka duba kuma ko maƙalin yana kaiwa kan babbar kyamararka, wasu wayoyin tasu tana can tsakiya.

A wurina kuɗin ya fita tun a satin farko. Ga mai shago, da mai ajiye hatsi, da malamin makaranta da ke son nuna wa yara abin da ke cikin littafi, da uwa irina mai yaron da ba ya jure feshi, ina ba da shawarar a saya. Wanda ke son hoto irin na mujalla ko yake son rarrabe ƙwarin da ba su kai ƙwayar gero ba, wannan ba zai kai shi ba.

Surukata ta dawo makon jiya. Da safe tana shan koko a kicin sai ga guda ɗaya a ragar taga yana kaɗa cikinsa, na farko da na gani cikin kusan sati uku. Na nuna mata hotonsa a waya, ta sa tabarau ta daɗe tana duban shuɗin idon, ta ce, "Ikon Allah. To ku ƙyale shi." Na buɗe masa taga ya fita, da yamma kuma na sa maigida muka sake janye kabad ɗin. Kwanso biyu muka samu a ƙasan katakon, ɗaya da rami a gefe, ɗaya a rufe.